Kunnen Baba Yana Abijan

Mutawakkilu ne ya koya mini dabarar
a ɗakinmu na Doha, mu takwas, fanka ɗaya.
Ya ce tikitin Akra wuta ne, kar ka taɓa,
yanki na Abijan, a Akra ake yada zango,
in an buɗe ƙofa ka sulale abinka.
Riyal ɗari shida za su kwana a aljihu.
Na lissafa sau biyu, na yi dariya ni kaɗai.

Jaka ɗaya gare ni, ta hannu.
A bakin jirgi wata ma'aikaciya ta tare ni:
sama ta cika, kawo a sa ta ƙasa.
Na buɗe baki. In ce mata me?
Ta ɗaura wa jakar farar takarda a wuya
kamar akuyar da aka riga aka sallama.

A Akra, ina layin masu duba fasfo,
lasifika ta kira ni.
Ɗantani Sulemana. Sau uku,
na ukun har da gargaɗi.
Na yi kunnen uwar shegu,
na gyara hula, na fita cikin zafin la'asar
hannu na dukan cinya.
Tasi ta ajiye ni bakin babbar kwatar Nima,
yara suka rugo tarbar kaya,
suka leƙa bayana, suka leƙa bayan motar.

Turaren Zuwaira, takalman yara,
waɗannan a bar su, kasuwa na da irinsu.
Amma cikin safa, cikin ɗan akwati shuɗi,
akwai na'urar jin Baba, dama da hagu,
albashin wata huɗu na tsaron ƙofar wasu.
Shekara uku ke nan yana karanta leɓen mutane.
Ladan na kira a bayan katangarsa,
sai jika ta ja masa riga
kafin ya san azahar ta yi.

Washegari a ofishinsu sanyi kamar randa.
Yarinyar ba ta ko ɗaga murya ba.
Ba ka hau na ƙarshe ba, Malam,
sauran tafiyar ta mutu.
Na komawar fa?
Har da shi.
Jakar fa?
Kwamfuta ta ce Abijan. Cike wannan takarda.
Ta rubuta kuɗin sabon tikiti a gefen rasit,
na ƙirga sifilin da yatsa
kamar mai neman tsakuwa a shinkafa.

Hutuna kwana goma sha tara ne,
shugaban aikinmu bai san uzuri ba.
Na tura wa Mutawakkilu murya,
ya maido da tasa, ana jin cokali a kofinsa:
ai ni ban ce ka ba su jaka ba.

Da magariba Baba na kan benci, ƙafa a kan keken ɗinki
da ya daina jin ƙararsa tun tuni.
Ya ce, ina tsarabar da ka yi ta faɗa?
Na durƙusa, na kai baki kunnensa, na kwarara:
tana Abijan!
Mai kokon ƙofar gida ta ji.
Masu dara a gindin masallaci sun ji.
Baba ya gyaɗa kai, ya shafa ciki.
Abinci? Na ci, alhamdu lillahi.

Jirage ta saman Nima suke bi in za su sauka,
kwanon rufi har rawa yake.
Ni kowanne ina jin sa a haƙorina,
shi ko ɗaga kai ba ya yi.

Can dare ya raba, daga ɗakinsa ya kira ni.
Ɗantani.
Na ce na'am.
Ɗantani.
Na'am, Baba, ga ni nan!
Na tashi ina laluben takalmi a duhu
kafin ya kai na uku.